Babin da Gwaggo Ba Ta Adana Ba

Da na dawo gida bayan shekarun karatu a nesa, a gidan Gwaggo aka sauke ni, domin ɗakina na gidanmu ya riga ya zama wurin jibge kaya. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. A unguwa Sakatariya ake ce mata, ko da yake ta daɗe da barin aiki. Mijinta kuwa Baba Safiyo muke kiransa, saboda awon filaye ya yi har ya tsufa. Na tarar da shi a kwance. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi 'yan makonni kafin isowata, ta tafi da hannunsa da ƙafarsa na dama, ta tafi da maganarsa gaba ɗaya. Idanunsa kaɗai suka rage yadda na san su.

Kusa da gadonsa akwai ƙaramin tebur. An ninke bargo a kai, a kan bargon kuma laftof ce a buɗe, cajarta a jone da bango. Duk sanda allon ya yi duhu, Gwaggo takan miƙa yatsa ta taɓa madanni ɗaya, haske ya dawo. Da yamma takan lulluɓe ta da tsohuwar rigar tafiretarta, ba tare da ta rufe murfin ba.

Na ce, "Gwaggo, ita wannan ba a kashe ta ne?"

Ta ce, "Akwai aiki a kanta, Ɗan Yaya. Ba a gama ba."

Na ce bargon zai iya toshe mata iska. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce tafiretarta shekara da shekaru a kan kauri take zaune don kada ta yi rawa, kuma ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Na ƙyale ta. Duk gidan ba wanda ya kai ta kula da na'ura, wannan kowa ya sani.

Tana budurwa ta koyi buga tafireta, a wata makaranta da ke saman bene, bisa shagon ɗinki. Malamarsu takan ɗora katako a kan hannuwansu don kada su ga yatsunsu, wadda ta leƙa kuwa ta sha rula. Gwaggo ta ce abu uku matar ta dasa musu, har yau ba su fita daga jikinta ba. Ba a kallon yatsu. Ba a riƙe abin da aka buga, magana ta shiga kunne ta fita ta yatsa, kada ta tsaya a zuciya, domin sirrin mutane ne. Sannan ba a zare takarda daga na'ura sai an kai ƙarshenta.

Daga can ta samu aiki a ofishin filaye, cikin wani dogon ɗaki mai mata da yawa, kowace da tafiretarta, ƙararsu kamar ruwan sama a kan kwano. A hankali ta zama sakatariyar shugaban ofis. Ana ce mata mai tsanani. Takarda ba ta kwana a teburinta, ba ta kuma bari a ɗauki fayil ba tare da ta ga fuskar mai ɗauka ba. Lokacin da kwamfutoci suka shigo ofishin, saura kaɗan ta yi ritaya. Aka tura 'yan mata kwas, ita aka bar mata tafireta tana buga adireshi a bayan ambulan. Ba ta taɓa cewa abin ya yi mata zafi ba, amma duk sanda ta ba da labarin takan gyara zaman tabaraunta, ko da bai karkace ba.

Laftof ɗin ɗanta ne ya aiko mata daga garin da yake aiki. Yatsunta suka gane madannan nan take, tun da jerin haruffan bai sauya ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne babbar manhajar rubutu, wadda take ja wa kowace kalmar Hausa jan layi a ƙasa.

Ta ce wa ɗan nata a waya, "Ni za a yi wa jan biro? Ni da ban taɓa mai da takarda don kuskure ba?"

Sai ya nuna mata wata ƙaramar manhaja, farin shafi kawai, ba ta gyara ba ta tsoma baki. Ya kuma koya mata yadda ake adana rubutu. Ta fahimci abin a yadda ta san aiki: adanawa ita ce zare takarda a sa ta cikin fayil. Saboda haka idan babi ya ƙare sai ta karanta shi daga farko, ta gyara abin gyarawa, ta ba shi suna, ta adana.

Babin kuwa na littafin Baba Safiyo ne. Tun da ya bar aiki yake cewa zai rubuta abin da ya gani a yawon awo, amma rubutun hannunsa ko shi ba ya iya karantawa. Da laftof ta zo sai suka fara aikin. Kullum bayan karin kumallo yakan goya hannuwa a baya, yana kai da kawowa a ɗaki.

"Sakatariya, ɗauki wannan."

"Malam, jiya ka ce rijiyar tana gabas da gonar, yau kuma ka mai da ita yamma."

"To ai rijiyar ce ta tashi. Rubuta."

Haka suka bi rayuwarsa: sarƙar awo da turaku, ƙauyukan da ya kwana a rumfunansu, 'yan'uwan da suka daina gaisawa saboda taku biyu na ƙasa, ranar da aka biyo shi da sanduna. Babi na ƙarshe ya ce a kanta zai yi. Ta ce ba ta yarda ba, ya ce ba a tambayi mai bugu ba. Sun yi safiya da yawa suna kansa, domin ya fi sauran tsawo. Wata safiya yana tsakiyar magana sai ya dafa bango, ya sulale.

Wannan shafin ne a buɗe kusa da gadonsa. Ba a kai ƙarshensa ba, don haka ba a zare shi ba. Ban san wannan ba a lokacin. Na ɗauka kawai tana bar masa shi ne ya riƙa gani, kuma lalle yakan juyo da kai ya daɗe yana kallon allon.

Alamun sun zo a hankali. Fankar cikin laftof ɗin ta fara ƙara kamar mai minshari. Gefen hagu ya riƙa zafi har ba a iya ɗora tafin hannu. Wurin da ake jan yatsa a ƙasan madannai ya ɗan taso, kamar wani abu na turo shi daga ciki. Wata rana da azahar aka ɗauke wuta. Da can batir yakan riƙe har a dawo da ita, amma ran nan allon ya mutu tare da fitilar ɗakin. Da wuta ta dawo muka ji ɗan ƙas, sai ƙaurin roba. Gwaggo ta danna maɓallin kunnawa, ta sake dannawa, ta riƙe shi. Ko ƙyaftawa.

Baba Safiyo yana kallonta. Ta ɗauko rigar tafireta ta lulluɓe na'urar, ta ce, "Caja ce ta lalace, Malam. Gobe za a sayo wata."

A tsakar gida na ce ta ba ni in kai wa mai gyara. Ta ce sam.

"Takardun mutum ba sa zuwa hannun wani ba tare da ni ba. Kai dai ka tuƙa mota."

Washegari da hantsi, bayan maƙwabciya ta zo zama da Baba, muka tafi layin masu gyara. Wani dogon lungu ne mai rufi, shaguna ƙanana a jere hagu da dama, kowane da akwatin gilashi a gaba cike da caja da wayoyi. Janareto na ruri a bayan gini. A wasu shagunan an jera matattun laftof bisa juna kamar faranti. Wanda aka kwatanta mana Injiniya ake ce masa, mutum mai furfura a gemu, da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi. Ya karɓi na'urar, ya shinshina gefenta, ya ɗaga gira.

"Mama, ki bar ta, jibi ki dawo."

"A gabana za ka buɗe."

"Tiyata a gaban dangi? Ko asibiti ai waje ake cewa a jira."

"Ni ba zan suma ba. Ba ni kujera."

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya jawo mata kujerar roba. Ta zauna, ta ciro farin hankici daga jaka ta shimfiɗa a kan teburinsa.

"Duk abin da ka ciro, ka ɗora a nan, ka gaya mini sunansa da aikinsa. Ba na son a yi ta magana a kaina ina zaune kamar kaya."

Injiniya ya yi dariya, ya ce yau ya samu sufeto. Ya kifa laftof ɗin, ya bi ƙananan kusoshin da sukudireba, ya ɗaga marfin ƙasa. Na matso ni ma. Na yi shekaru ina aiki da irin wannan na'ura, na san sunayen kayan cikinta a wani harshe, amma ban taɓa jin yadda ake faɗarsu a kasuwarmu ba, ina kuma son in ji.

Abu na farko da ya ciro baƙi ne, ya kumbura kamar ƙaramin matashi.

"Wannan batir ne. Da lafiyarsa shafal yake kamar littafi. Zafi da zama kullum a jone suka kumbura shi. Shi ne yake turo wurin yatsan nan. Kin yi sa'a bai kama da wuta ba."

Bai ɗora shi a kan hankicin ba, ya sa shi cikin wani gwangwani mai yashi a ƙarƙashin tebur. Sannan ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani dunƙulen gashi-gashi mai ruwan toka daga wani kewayayyen abu.

"Wannan fanka ce. Wannan kuma, in ban yi ƙarya ba, bargo ne. Mama, a kan gado kike ɗora ta?"

"A kan tebur. Bargon a ƙarƙashinta yake."

"To ta ƙasa take shan iska, ta gefe take fitarwa. Kin ga wannan jan bututun? Shi yake kwaso zafi daga nan ya kai wa fanka." Ya nuna wani ɗan murabba'i da bakin sukudireba. "Nan kuma farosesa ce. Ita ke yin duk lissafin, ita ce ma'aikaciyar. In ta yi zafi ba mai fifita ta, sai komai ya rikice."

Gwaggo ta maimaita a hankali, "Farosesa." Haka take yi da kowane suna, kamar tana buga shi.

Ya nuna faffaɗan koren allon da komai ke manne a jikinsa, ya ce bodi ke nan, duk sauran a kansa suke hawa, ta cikinsa suke magana da juna. Ya sauko da gilashinsa, ya bi wani lungu kusa da inda ake jona caja, ya nuna mata wani baƙin tabo.

"Ga inda ya ƙone. Bodin nan ya tafi, Mama. Sai dai a nemo wani, in an samu irinsa."

"Ni ba bodi na zo nema ba. Ina rubutun yake?"

"Yawwa, yanzu kika zo." Ya kwance wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya ɗora a kan hankici da hannu biyu. "Had diski. Duk abin da kika adana yana cikin nan. Ko an ɗauke wuta shekara guda, yana nan. In bai bugu ba, ban ga abin da zai same shi ba."

Na ga kafaɗun Gwaggo sun sauka. Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa. Sai ta nuna wani siririn abu kore mai baƙaƙen tabo a jere, wanda ya ɓalle ya ajiye a gefe.

"Wannan fa?"

"Ram ke nan. Shi yake riƙe abin da kike yi a yanzu-yanzu, kafin ki adana."

"Wato diski shi ne kabad, wannan kuma teburin aiki."

"Wallahi kin fi ni iya faɗa. Sai dai shi wannan teburin, da wuta ta yanke ake share shi tas."

Gwaggo ta zuba wa ram ɗin ido. Janareto ya ci gaba da ruri. A shagon da ke kusa wani yana rantsuwa cewa sikirin ɗin da ya sa sabo ne fil.

Ta ce, "Tas kamar yaya?"

"Babu abin da ke saura. Da wuta yake riƙe abu. Ba wuta, ba komai."

"Takardar da ke buɗe a kan allo, wadda ban gama ba, tana ina?"

Injiniya ya ture gilashin zuwa goshi. Wasan ya fita daga muryarsa.

"Kin taɓa adana ta ko sau ɗaya? Kin ba ta suna?"

"Ba a gama ba. Ba a ba takarda suna sai ta ƙare."

Ya dube ni. A lokacin ne na gane abin da ke kan teburin nan kusa da gadon Baba tun ranar da na iso.

Ya ce kada mu yanke ƙauna tukuna. Ya sa diskin a wani ɗan gida mai waya, ya jona da tasa kwamfutar, ya juyo da allon wajen Gwaggo don kada ta ce ya leƙa. Ga babi-babin nan a jere, kowane da sunansa, yadda ta tsara su. Ta bi su da yatsa har ƙasa. Na ƙarshen shi ne na shekarar da Baba ya bar aiki.

Injiniya ya ce wasu manhajojin sukan ɓoye kwafi da kansu ko mutum bai adana ba. Ya shiga wurare da ban san da su ba, ya daɗe yana bincike. Can ya tambaye ta da wace manhaja take rubutu. Ta kwatanta masa: farin shafi, ba jan layi.

Ya sauke numfashi. "Waccan babbar da kika ƙi, ita ce mai ɓoye kwafi. Wannan irin da ke kan na'urarki ba ta yi. Abin da kika ce ta yi kawai take yi."

Gwaggo ta ɗauki ram ɗin, ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, tana juya shi.

"Sa shi a taka na'urar mu gani."

"Mama, ba abin da zai fito."

"Ka sa dai."

Ya sa. Bai yi gardama ba, bai kuma yi dariya ba. Ya buɗe wata laftof da ke gefe, ya cire nata, ya maƙala na Gwaggo, ya kunna. Na'urar ta tashi lafiya lau, da hoton wasu yara a allonta, 'ya'yan wani mai ita.

"Kin gani, lafiyarsa ƙalau. Sai dai ba ya tuna jiya."

Ya kwafe mana babi-babin a filashi biyu, ya ce ɗaya a gida, ɗaya a wani gidan daban. Ya naɗe diskin a hankicinta ya miƙa mata. Da za mu tafi ya ce, "Allah Ya ba mai jiki lafiya," ko da yake ba wanda ya gaya masa akwai mai jiki.

Muka shiga mota, muka fita daga cunkoson kasuwa. Na ce ko za ta iya tuna abin da ke cikin babin, tun da ita ta buga shi, kuma a kanta yake.

"Ɗan Yaya, na ji, amma ban riƙe ba. Haka aka koya mini. Kuma wannan ma na ƙara toshe zuciyata da gangan, don kunya yake ba ni. Mutum yana tsaye a kanka yana yabonka, kai kana bugawa. Na ce in ya gama na karanta gaba ɗaya, ni kaɗai, in ya fita."

"Duk makonnin nan ba ki koma sama kin duba ba?"

"Ba a duba aiki sai an gama."

Ta ce abin da ya maƙale mata kaɗan ne. Akwai ruwan sama a wani wuri. Akwai ɗankwali da ya ce shuɗi ne, alhali kore ne, ta yi niyyar gyara masa. Sai layin ƙarshe, wanda ta yi ta gani a allo: ya ce da ya ga ta yaga takarda guda saboda harafi ɗaya ta sake sabuwa, sai ya ce a ransa. Nan maganar ta tsaya.

"Ya ce me?"

"Ai shi nake jira."

A gida ta ce wa Baba cajar ba a samu irinta ba, amma ga laftof ɗin Ɗan Yaya za a ara. Na ɗora tawa laftof a kan teburin, ba bargo, na sa filashin. Ta fara karanta masa littafinsa daga farko, babi ɗaya kowace safiya. Yakan lumshe ido yana ji. A labarin masu sanduna gefen bakinsa na hagu ya motsa, muka ce dariya ce. Na lura tana jan karatun, tana tsayawa shan ruwa, tana komawa baya wai ta tsallake layi. Amma littafi yana da iyaka. Ranar da ta gama babin barin aiki, ta rufe baki, sai ya ɗaga hannun hagu ya juya shi a iska, alamar a ci gaba.

"Ka gaji, Malam. Gobe."

Gobe ta ce idonta na ciwo. Jibi ta ce ina bukatar na'urata. Kullum hannun nan yana tashi yana juyawa, idanunsa kuma suna bin ta har ƙofa. Ya fara ture kofin shayi. Gwaggo ta rame a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ta rame a farkon ciwon.

Ɗanta ya kira, na ji su domin ta buɗe muryar wayar.

"Umma, ki zauna ki rubuta kawai. Kin san labarin, kin san yadda yake magana. Wa zai gane?"

"Shi zai gane."

"To ko ya gane, ai daɗi zai ji."

"In sa masa magana a baki, yana kwance ba ya iya cewa ba haka na ce ba? Shekara nawa ina aiki, ban taɓa ƙara wa mutum waƙafi ba sai na tambaye shi."

"To me za ki yi?"

Ta ce ya gaishe da yara.

Da safe ta kira ni ɗakin, ta ce in zauna, wataƙila don kada ta fasa. Ta gyara wa Baba matashi, ta goge masa baki, ta zauna a bakin gado inda zai ga fuskarta.

"Malam, ƙarya na yi maka. Ba caja ba ce. Na'urar ta ƙone. Littafinka yana nan duka, an ciro shi, sai babin ƙarshe. Ban adana shi ba, ina jira ka gama. Ya tafi. An duba ko'ina, ba ya nan."

Ya daɗe yana kallonta. Maƙogwaronsa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Sannan ya juya fuska wajen bango. Ta zauna a wurin har rana ta ɗaga, bai juyo ba. Ranar bai ci komai ba, washegari ma sai da kyar. Da ta ɗauko laftof za ta karanta masa wani tsohon babi, ya rufe ido tun kafin ta fara.

Bayan wasu kwanaki ta ce in buɗe mata sabon shafi. Ta ce littafi ba ya zama ba ƙarshe, kuma ba za ta bari a ɗauka bai yi babin ba. Ta jawo teburin kusa da gado, ta zauna a miƙe kamar a ofis, ta buga kan babin yadda ya faɗa mata shi tun farko. A ƙarƙashinsa ta buga layi biyu, ba ta kalli yatsunta ba. Sannan ta karanta da ƙarfi, ko da yake fuskarsa na bango.

"Wannan babi mai littafin ya faɗe shi da bakinsa, a kan matarsa. An buga shi, bai kai ƙarshe ba, ya ɓace saboda sakacin mai bugu."

Sai muka ji ƙwanƙwasa. Baba ne yake buga ƙarfen gado da bayan hannun hagu. Ya juyo, idanunsa a kanta.

"In cire duka?"

Ya ci gaba da bugawa.

"In bar shi?"

Bugun ya ƙaru, har kofin da ke kan tebur ya motsa. Gwaggo ta rasa yadda za ta yi, ta dube ni. Na ce ta karanta a hankali, gaɓa-gaɓa, mu ga inda zai buga. Ta fara. Ya faɗe shi da bakinsa: shiru. A kan matarsa: shiru. An buga shi, bai kai ƙarshe ba, ya ɓace: hannun yana kwance. Da ta ce saboda sakacin mai bugu, ya daki ƙarfen da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Amma gaskiya ce, Malam."

Ya sake bugawa.

"Ni na bar shi a buɗe. Ni na sa bargon."

Bai daina ba. Fatar bayan hannunsa ta fara ja. Ta kama hannun ta riƙe, ya fizge, ya sake kai wa ƙarfen.

"To, to. Littafin naka ne. Yadda ka ce."

Ta sa yatsa a kan madannin gogewa, haruffan suka riƙa komawa ɗaya bayan ɗaya har zuwa kalmar ɓace. Ta sa aya. Ta karanta masa abin da ya rage. Hannunsa ya sauka a kan zanin gado, yana huci kamar wanda ya yi tafiya. Ta tambaye shi ko akwai ƙari, ya lumshe ido.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta mai da shi, ta ce in miƙo mata kofin shayin, ya huce, amma wataƙila yanzu zai sha.